Gajiyar da barci ba ya maganinta

 Yau labarin wata malamata zan ba ku, tare da wani abu da ni kaina na aikata, wanda har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Duk makarantarmu ba mai kiran ta da sunanta, Antin Lissafi muke ce mata. Ita ta koyar da ni daga aji ɗaya zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, a wata makarantar kuɗi da ke bayan layinmu. Kafin in shiga hannunta, da an ce lissafi sai cikina ya ɗuri ruwa. Wata rana ta shigo aji da lemon zaƙi guda uku da 'yar wuƙa a jaka, ta yayyanka a gabanmu, ta ɗaga ɓari ɗaya ta ce duk wanda ya faɗi ko kashi nawa ne wannan, nasa ne. A ranar na gane abin da ake nufi da ɗaya bisa huɗu, na kuma sha lemo. Ta san sunan kowa. Ta san wanda ke fitowa bai karya ba, ta san wadda ake ɗora wa talla da an tashi. In ka faɗi gwaji ba ta zagi, sai ta kira ka lokacin tara, ta zaunar da kai gefen teburinta ku sake bi tare. Da na gama aji uku aka mayar da ni makarantar kwana, muka rabu.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki. Lokacin ina ajin farko a jami'a, ko hanyar ɗakin karatu ban gama sani ba. Muka tattaro kaya muka dawo gida da zaton mako huɗu ne, ashe sai 14 ga Oktoba za a janye, wata takwas cur. Da zaman ya yi tsawo, daga wanke-wanke sai latsa waya, Umma ta ce in je tsohuwar makarantarmu in nemi koyarwa, ko kuɗin sabulu na samu. Bayan ƙaramar Sallah na je. Mai makarantar ya ɗauke ni nan take, ba takarda, ba sa hannu, ya ce aji uku na firamare, Naira dubu 12 a wata. Ni kuwa murnata ba ta kuɗin ba ce. Zan zauna ofis ɗaya da Antin Lissafi.

Na same ta a kusurwar ofishin malamai, littattafai sun kusa binne ta. Na durƙusa na ce, "Anti ina kwana? Ni ce ɗalibarki, wadda ta ci ɓarin lemo." Ta ɗago ta dube ni kamar mai duban bango, ta ce, "To, sannu. Ke ma kin shigo?" Ta mayar da kai kan jan bironta. Can da hantsi na jiyo muryarta ta taga tana ce wa 'yan aji biyu daƙiƙai. Na leƙa, na ga ta cika allo da rubutu ta koma ta zauna, ta dafe kai, yara na kwafa. Ba lemo, ba tambaya, ba dariya.

Da na koma gida na ce wa Umma Anti ta canja, ta zama mafaɗaciya, kuma da alama koyarwar ma ta daina sa ta a rai. Umma na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke dai yi wata uku tukuna."

Bari in gaya muku yadda yini yake a wurin. Ƙarfe bakwai da kwata ake son malami ya sa hannu a rajista. Bakwai da rabi na yi hedimasta zai ja jan layi, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin an yanke masa Naira 500, ko da ruwan sama ne ya tsare shi. Ni kaɗai ke koyar da duk darussan ajina, daga Turanci har zane. Lokacin tara ba hutu ba ne, gadin yara ake yi kada wani ya fasa wa wani kai. Ana tashi ƙarfe biyu, sai lesin har huɗu, wanda iyaye ke biyan kuɗinsa daban amma ko kwabo ba ya zuwa hannun malami. Daga nan in cusa littattafai a jakar bakko in kai gida, in yi ta maki bayan isha'i da fitilar waya. Wajen sha ɗaya na dare sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na malamai: gobe kowa ya zo da tsarin darasinsa na mako biyu. Ran Asabar kuma ko taro, ko lesin 'yan aji shida.

Da yara 38 na fara. A watan Yuni malamar ɗaya ajin ta ajiye aiki, aka kwaso nata yaran aka haɗa mini, suka zama 61, aka ce na ɗan lokaci ne kafin a samu wata. Har na bar makarantar ba a samu watan ba, kuma ban ga alamar an nema ba.

Nawa ma wasa ne a kan na Anti. Lokacin da nake ɗalibarta makarantar a aji uku ta tsaya. Yanzu an buɗe babbar sakandare har aji shida, ɗalibai sun ninka, amma malamin lissafi ɗaya ne tal, ita. Da malamin fiziks ya tafi aka ce ta riƙe. Ita ke tsara jadawalin jarrabawa. Ita ake ba takardar sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba ta bi aji-aji tana kora, wato yaran da a da take sayen biro ta ba su, yanzu ita ke nuna musu ƙofa.

A watan farko da alawa nake zuwa a jaka, wanda ya yi ƙoƙari in ba shi. Ban san ranar da na daina ba. Abin da na sani shi ne, zuwa Yuli da na buɗe ido da asuba sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Yammacin Lahadi cikina ke fara murɗawa. In samu ranar da na yi barcin awa tara, in tashi kamar wadda ta kwana daka. Sababbin yaran da aka haɗa mini ban ko yi ƙoƙarin haddace sunayensu ba, sai "ke ta bayan can" da "kai mai surutun nan". Kuma na fara yarda a raina cewa ban iya komai ba, duk abin da na koyar yau gobe ya bi iska, to wahalar me zan yi?

Wata Laraba ana yayyafi, ina tsaye ina rubuta aikin gida a allo, wani yaro ɗan shekara takwas da ke benci na biyu ya taso ya ja gefen hijabina. Ya ce, "Anti, kaina ke ciwo." Ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Ni ma nawa ciwo yake, koma ka zauna." Ya koma ya kifa kai a benci. Na gan shi sarai, kuma na san ba halinsa ba ne, don yaro ne mai surutu kamar aku. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne, yawwa, an rage mini baki ɗaya. Har aka tashi ban taɓa goshinsa ba. Da yayarsa ta zo ɗaukarsa jikinsa ya yi zafi rau, ko tsayuwa ba ya iyawa, goya shi ta yi. Zazzaɓin cizon sauro ne, kwana uku ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Allah Ya rufa mini asiri ya warke. Da mahaifiyarsa ta zo ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malama, ya ce ya gaya miki."

A bayan ofis Anti ta same ni ina kuka. Ta tsaya a kaina jim, sannan ta zauna a kan bulon da ke kusa da ni, karo na farko tun zuwana da ta dube ni da idon da na sani. Na ce mata ni muguwa ce. Ta ce, "Ba muguwa ba ce ke. Kin san fitilar ƙwai? In kananzir ya ƙare ba nan take take mutuwa ba. Lagwanin take ci, tana hayaƙi, tana baƙanta ƙwan. Wanda ke ɗakin sai ya ce fitilar nan ba ta da kyau." Ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta ce tana da aji.

Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Yaron nan amana ne a hannuna, kuma na ci amanar. Sai dai tun ranar nake tambayar kaina: ni da na shigo da alawa a jaka, me ya mayar da ni haka cikin wata biyu da 'yan kwanaki? Me kuma ya mayar da macen da ta fi kowa son yara a unguwarmu mai ce musu daƙiƙai?

Sai da muka koma jami'a na ji sunan abin, a bakin wani malaminmu na ilimin halayyar ɗan Adam. Turawa na kiran sa da wata kalma mai ma'anar ƙonewa ƙurmus, wato dai kusan maganar Anti ta lagwani. Wani masani a Amurka mai suna Herbert Freudenberger ne ya fito da batun fili a 1974. Yana aikin sa kai ne a wani asibitin kyauta da ke kula da masu shaye-shaye, sai ya lura matasan da ke zuwa taimako da zafinsu, bayan kamar shekara guda sai su yi laushi, su fara ƙosawa da marasa lafiyar da suka zo dominsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a bayaninsa shi ne, masu himma da sadaukarwa su abin ya fi kamawa. Malalacin da tun farko bai sa aikin a zuciya ba, me zai ƙone a jikinsa?

Bayan shi wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya, Christina Maslach, ta shafe shekaru tana nazarin ma'aikatan jinya da malamai da makamantansu, har a 1981 ita da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fitar da ma'aunin da ake gwada abin da shi. A watan Mayun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi cikakken bayaninsa a kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce lamari ne da ya shafi wurin aiki, wanda ke faruwa in matsin aiki ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan ƙwazo ya ragu. Ina zaune a aji ina rubuta waɗannan ukun hannuna na rawa, don kamar wani ya leƙa rayuwata ta watan Yuli ne ya rubuta.

Ku lura da kalmar wurin aiki. Nan ne gizo ke saƙar. Mu a al'adarmu in ma'aikaci ya gaji, shi ake dubawa. A ce ba shi da haƙuri, ko raki ya yi masa yawa, ko 'yan zamani ba sa son wahala. Maslach da wani abokin bincikenta, Michael Leiter, suka ce a juya a dubi ma'aikatar. Sun nuna wurare shida da in aka samu saɓani tsakanin mutum da aikinsa yake ƙonewa: yawan aiki, rashin ta cewa a kan yadda zai yi aikin, rashin sakamako, lalacewar zaman tare, rashin adalci, da kuma tilasta masa yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. In ka duba da kyau, a cikin shidan nan kusan babu wanda ke hannun ƙaramin ma'aikaci. Ba ni na haɗa aji biyu ba. Ba Anti ce ta buɗe babbar sakandare ba tare da ƙarin malami ba.

Da farko na ɗauka yawan aikin ne kaɗai matsalarmu. Da na natsu sai na ga akwai abin da ya fi shi ciwo. Ɗauki maganar adalci. In na makara minti biyar an yanke mini 500, amma albashi ya kan kai ashirin ga wata mai zuwa bai fito ba, kuma ba wanda ake yanke wa komai, ko haƙuri ba a ba mu. Da kujerar mataimakin shugaba ta samu, duk mun ɗauka ta Anti ce, shekararta goma sha ɗaya a wurin. Sai aka kawo ɗan 'yar'uwar mai makaranta da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, ya zama shi ke duba tsarin darasinta. Ofishin malamai kuwa ya zama wurin da kowa ke kaffa-kaffa, don an san akwai masu kai rahoto. Wanda ke da damuwa sai ya haɗiye.

Amma na ƙarshen nan, wato yin abin da zuciya ba ta so, shi nake ganin ya karya Anti. Ƙarshen zango na uku hedimasta ya shigo ya ce umarni daga sama, kada a ga yaron da ya samu ƙasa da 40 a kowane darasi, don iyaye na barazanar cire 'ya'yansu. Na zauna ina kallon matar da ta koya mana cewa lamba ba ta ƙarya, tana mayar da 23 zuwa 45 da bironta. Ba ta ce uffan ba. Da ta gama ta rufe takardun, ta daɗe tana kallon hannunta. Mutum zai iya jure aikin awa goma in ya san abin da yake yi na da amfani. In aka nuna masa cewa ko ya koyar ko bai koyar ba sakamakon ɗaya ne, to da wane ƙarfi zai sake sayo lemo?

A watan Agusta, ana lesin hutu, jiri ya kwashe ta a gaban allo. Aka kai ta asibiti aka ce jininta ya hau sosai. Ta yi kwana huɗu a gida. Abin da makaranta ta yi bayan nan shi ya sa na ce sai na rubuta wannan. An shirya mana bita ran Asabar, wato ranar da ya kamata mu huta. Aka gayyato wani mai jawabi da kwat, ya yi awa biyu yana koya mana yadda ake tsara lokaci, da muhimmancin motsa jiki, da shan ruwa da yawa, da yin murmushi. Aka raba lemon kwalba da cincin. Wani malami ya ɗaga hannu ya ce yaushe za a ɗauki ƙarin malamin lissafi? Aka ce wannan ba ya cikin abin da aka taru a kai. Ran Litinin Anti ta koma ajujuwanta shida da fiziks a kai.

Ba na ce shawarar mai kwat ƙarya ce ba. Barci da motsa jiki na da amfani. Amma in jakin da aka ɗora wa buhu biyar ya durƙushe, ba wa'azin juriya yake buƙata ba, a sauke biyu. Ma'aikatu da yawa sun fi son gyaran ma'aikaci a kan gyaran aiki, saboda bita da cincin sun fi albashin sabon malami araha, kuma in an yi bitar laifi ya koma kan wanda ya kasa murmushin.

Don kada in yi rashin adalcin da nake kuka da shi, mai makarantar nan ba dodo ba ne. Na sha ganin sa yana lissafi da gumi a goshi. Ginin haya ne, iyaye da yawa sai zango ya kusa ƙarewa suke biya, wasu ma ba sa biya, ga makarantu uku a unguwar suna jiran ya ƙara kuɗi su kwashe yaran. Na yarda yana cikin matsi. Sai dai ba duk abin da ya ƙona mu ne ke buƙatar kuɗi ba. Hana saƙon sha ɗayan dare kyauta ne. Cewa "ku yi haƙuri, albashi zai makara zuwa ranar kaza" kyauta ne. Tambayar Anti ra'ayinta kafin a ɗora mata fiziks kyauta ne. Kuma shi ya zaɓi yi wa gaban makaranta sabon fenti da katafaren allon talla a hutun da ya ce ba kuɗin ɗaukar malami.

Na taɓa zama na ƙirga awoyina: kusan tara a makaranta sau biyar, biyu na maki kowane dare, ga na Asabar. Sun doshi 60 a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum dubu 745 ne suka mutu ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Ni wata biyar na yi, kuma da ƙuruciyata. Anti shekaru ta yi. A Japan abin ya yi yawa har suna da kalma ta musamman, karoshi, wato mutuwa saboda aiki. Faransa kuwa tun farkon 2017 ta sa dokar da ta wajabta wa kamfanonin da ma'aikatansu suka kai 50 su zauna da su a tsara ƙa'idar saƙonnin aiki bayan an tashi. Da na ji wannan sai da na yi dariya, na tuna hedimastanmu.

Hutun 1 ga Mayu da kuke murnar samu ma a kan wannan maganar aka kafa shi. Asalinsa gwagwarmayar ma'aikatan Amurka ce a 1886, musamman a birnin Shikago, suna neman a tsayar da aiki a awa takwas. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ita ce ta awa takwas a rana, 48 a mako, a masana'antu. A nan gida gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ta ayyana ranar a matsayin hutu tun 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981. Wato fiye da shekara ɗari ke nan da duniya ta yarda cewa iyakance aiki nauyin mai ɗaukar aiki ne da hukuma, amma har yau malamar unguwarmu ake ce wa ta ƙara haƙuri.

Wataƙila wani cikinku ya ce, to mu da ko WAEC ba mu yi ba, ina ruwanmu? Da sauranku kaɗan. Da yawanku kuna ajiye biron jarrabawar ƙarshe za ku faɗa shagon POS, ko kantin magani, ko gidan burodi, ko koyarwa irin tawa, kafin sakamakon JAMB ya yi halinsa. Ni da na je neman aiki tambaya ɗaya na yi: nawa ne? Ban tambayi ƙarfe nawa ake tashi ba, ban tambayi yara nawa ne a ajin ba, ban tambayi me ya kori wadda na gada ba. Wannan ta ƙarshen ita ce tambayar da ta fi kowace tona asiri. In aka ce maka mutum uku sun riƙe kujerar nan cikin shekara guda, kada ka ɗauka duk ukun malalata ne kai ne gwarzo.

Kuma yana da kyau ku san Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadar wa masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis wasu haƙƙoƙi: takardar sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa, hutun yini guda a kowane kwana bakwai, hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya in aikin yini ya kai awa shida, da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da biya bayan shekara guda. Mafi ƙarancin albashi lokacin da nake karɓar dubu 12, dubu 30 ne, a 2024 ya koma dubu 70. Sai dai dokar albashin ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma mu 19 ne. Ban ce ku shiga wurin aiki kuna karanto wa mai gida doka ba, ranar za ku koma gida. Na san kuma akwai wanda ba shi da zaɓi, in bai yi aikin ba ba a ɗora tukunya a gidansu, irin wannan ba ni da bakin ce masa ya ajiye. Amma ko ba komai, wanda ya san abin da ke cin sa ba zai kwana yana zargin kansa da lalaci ba kamar yadda na yi. Kuma in gajiyar ta kai ga ba ka jin daɗin komai, ko abinci, ko hira da 'yan'uwa, to a gaya wa babba a gida, a ga likita, don wani lokaci abin kan wuce batun aiki.

Akwai kuma malaman da ke tsaye a gabanku yanzu haka. Ban ce duk malamin da ya daka muku tsawa ƙonewa ya yi ba, wasu halinsu ne, kuma gajiya ba ta halatta wa kowa zagin ɗalibi ko dukan sa. Amma in kun ga malamin da kuka sani da fara'a ya koma cika allo ya zauna, kafin ku raɗa masa suna ku ƙirga ajujuwa nawa yake shiga a yini. Haka in Baba ya dawo daga aiki ya zauna shiru a tabarma, ka yi masa magana ya amsa da ka kawai. Ni sai da na yi wata biyar ɗin nan na daina jin haushin shirun mahaifina.

Anti ta ajiye aiki a ƙarshen wannan shekarar. Ba a yi mata walima ba, albashin watanta na ƙarshe ma sai da ta yi sintiri. A hutun da ya wuce na je gaishe ta. Ta sa benci biyu a zauren gidansu, tana koya wa yara tara lissafi da yamma, da safe kuma tana sayar da atamfa. Ta ce kuɗin bai kai yadda take so ba, kuma tana kewar aji. Amma ina sallama ta kira ni da sunana, har da na mahaifina, ta ce in zauna in ga ko ban manta ba. A kan tabarma akwai faranti da wuƙa da lemo biyu.

A hanyata ta komawa na bi ta gaban makarantar. Fentin na nan da kyansa. A jikin ƙofa an manna takarda, ana neman malamin lissafi da zai iya haɗawa da fiziks. Mai shagon da ke kallon ƙofar ya ce mini karo na uku ke nan da ake manna ta.